Ƙwayar Jini da Lauje

In an hangi soro daga nesa sai a ga kamar abu guda ne. Amma magini ya sani tubali ne bisa tubali. Haka jikin mutum ya ke. Fata, da tsoka, da ƙashi, da jini, duka an gina su da waɗansu 'yan ƙananan abubuwa masu-rai waɗanda ido ba ya iya gani. Yaranmu na makaranta su kan kira su ƙwayoyin halitta, ko kuwa sel.

Wani mutumin Ingila, Robert Hooke, shi ya ba su suna a shekara ta 1665. Ya yanki ɓawon wani itace siriri ƙwarai, ya duba da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ma'anar sel ke nan, watau ɗan ɗaki. A jikin babban mutum akwai wajen miliyan sau miliyan 30.

Kowace ƙwaya kamar gida ce. Tana da tantani kewaye da ita maimakon danga, shi ke barin abinci da ruwa su shiga, datti kuma ya fita. A ciki akwai ruwa mai-kauri, da waɗansu 'yan murahu inda a ke ƙone abinci domin a sami ƙarfi. Sa'an nan akwai cibiya. A cikinta a ke ajiye umarnin da mutum ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Dukanmu daga ƙwaya ɗaya tak mu ka fara a cikin mahaifa. Ta rabu biyu, biyu su ka zama huɗu, har kowace ta kama sana'arta, siffarta kuma ta bi sana'ar. Ƙwayar da ke kai saƙo doguwa ce kamar zare, wata tun daga ƙashin baya har yatsan ƙafa. Ta tsoka ta kan tsuke ta saki. Farar ƙwayar jini ta kan sāke siffa, ta rungume ƙwayar cuta ta haɗiye.

To, sai mu tsaya a kan jar ƙwayar jini, gama ta fi duk sauran yawa. A ɗigon jini kamar kan allura akwai wajen miliyan 5. Siffarta kamar ƙosai ce wanda a ka matse tsakiyarsa da yatsa biyu, tana da taushi kuma. Babban aikinta shi ne ta ɗauki iskar oksijin daga huhu ta kai ko'ina cikin jiki. Abin da ke riƙe iskar sunansa himogulobin, yana da sinadarin ƙarfe a ciki, shi ke sa jini ja. Abin mamaki, sa'ad da ƙwayar ta ke girma cikin ɓargo ta kan jefar da cibiyarta, kamar ɗan dako da ya bar nasa kaya a gida domin ya ɗauki na mutane. Saboda haka ba ta iya gyara kanta, ba ta haihuwa. Kwana 120 ta kan yi, sa'an nan saifa ta tsince ta. Ɓargo kuwa yana ta yin sababbi, wajen miliyan 2 kowace daƙiƙa.

Ku lura da taushin nan. Akwai jijiyoyin da su ka fi ƙwayar kanta ƙunci. Sai ta lanƙwashe ta wuce, ta koma yadda ta ke.

Amma akwai yaran da himogulobin nasu ya bambanta. In iska ta yi ƙaranci a jini, sai ya sandare a cikin ƙwayar, ta tanƙware kamar lauje, ta yi tauri. Laujen ba ya wucewa ta ƙaramar jijiya. Ya kan maƙale, waɗansu su taru a bayansa, hanya ta toshe, wurin da jini bai kai ba ya kama ciwo mai-tsanani. Ƙwayar kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, don haka jinin yaron kullum a ƙaranci ya ke, idonsa ya yi rawaya, hannu da ƙafa su kumbura tun yana jariri. Wannan shi ne amosanin jini, wanda a asibiti a ke kira sikila. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta labarinsa a 1910. A 1957 Vernon Ingram ya nuna bambancin duka wuri ɗaya ne tak cikin doguwar sarƙar himogulobin.

Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Gado ne. Wanda ya gaji umarni mai-kyau daga iyaye biyu, likita ya kan rubuta masa AA. Wanda ya gaji lauje daga gefe ɗaya, AS ne, lafiyarsa ƙalau, yawanci bai ma sani ba. Wanda ya gada daga gefe biyu, shi ne SS, mai-ciwon. Ashe, mijin da ke zargin matarsa da wabi saboda 'ya'yan da wannan ciwo ya ɗauke, rabin abin daga jininsa ya fito. Na ga ya kamata a faɗa wa surukai wannan a fili.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasarmu? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincike a Afirka ta Gabas, ya nuna yaro mai-AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai-tsanani, gama ƙwayar zazzaɓin cikin jar ƙwayar jini ta ke zama. Inda sauro ya yi yawa, sai masu-AS su ka yawaita. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, ba kuwa ƙasar da ta fi ta yawan haihuwar masu-SS.

Ga lissafin da saurayi da budurwa za su riƙe. In AS ya auri AA, ba ɗan da zai zama SS. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu. Kowane ciki, na ce. Kada wani ya yi tsammani tun da na fari ya kamu, ukun da ke biye sun kuɓuta. Kowace haihuwa sabuwar ƙuri'a ce. Gwajin kuwa ɗan jini kaɗan ne a asibiti. Ya fi kyau a yi shi tun ba a kai kayan tambaya ba, domin in zance ya yi nisa, da wuya iyaye su janye.

Yaron da an riga an haifa da SS, a yawaita ba shi ruwa, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, ya kwana cikin gidan sauro, a yi masa dukan allurar rigakafi. Akwai magani mai-suna haidiroksiyuriya wanda ke rage tashin ciwon, amma sai da umarnin likita. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gari ya waye.