Darasi Na 14: Tafiya Da Aboki Zuwa Garin Kan Dutse

Hausawa na cewa, tafiya mabuɗin ilimi. A wannan darasi za ka koyi yadda ake shirya tafiya zuwa wata ƙasa tare da aboki. Garin da za mu ɗauka misali shi ne Amedzofe, wani ƙaramin gari da ke kan duwatsu a yankin Volta na ƙasar Gana. Karanta a hankali, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Shiri kafin tashi

Abu na farko shi ne izinin iyaye, naka da na abokinka. Ɗalibi ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai tare da babban mutum da iyaye suka amince da shi. Abu na biyu shi ne takardu. Nijeriya da Gana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a shekarar 1975. Saboda yarjejeniyar 1979, ɗan Nijeriya yana iya shiga Gana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma dole ya riƙe fasfo, da katin allurar rigakafin cutar shawara. Idan ɗayanku ya manta da nasa, ku biyu ne za ku tsaya a kan iyaka.

Abu na uku shi ne maganar kuɗi. Ku zauna tun a gida ku yi lissafi: nawa ne kuɗin mota, nawa ne na masauki, nawa ne na abinci, kuma wa zai riƙe kuɗin. Kada ka ji kunyar wannan magana. Abota takan lalace a hanya idan ɗaya yana ta biya, ɗayan kuma ya yi shiru.

A kan hanya

Daga Legas, mota za ta bi gaɓar teku zuwa yamma. Za ku ƙetare iyaka uku. Ta farko ita ce Seme, inda ake shiga Jamhuriyar Benin. Daga nan sai Kwatano, sai iyakar Togo, sai birnin Lome, sannan Aflao, ƙofar shiga Gana. A kowace iyaka jami'an shige da fice za su duba takardunku. Ku amsa tambayoyinsu cikin ladabi.

Abubuwa uku za su canja a hanya. Na farko kuɗi: a Benin da Togo ana kashe sefa, a Gana kuwa sidi. Na biyu harshe: Faransanci ne harshen gwamnati a Benin da Togo, Ingilishi kuma a Gana. Na uku lokaci: da zarar kun shiga Togo, sai ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

A nan ne Hausar da kake koyo za ta yi maka rana. Tun zamanin da, fataken Hausawa suna zuwa Gwanja sayen goro. Wurin da ayari yake sauka ya huta shi ake kira zango. Har yau a garuruwan Gana da Togo da yawa akwai unguwar da ake kira Zango, inda ake ciniki da Hausa. In ka yi sallama a can, za ka sami mai nuna maka tasha.

Daga Aflao sai ku nufi Ho, babban birnin yankin Volta. A Ho za ku shiga ƙaramar motar haya da mutanen Gana ke kira tirotiro. Hanyar tana hawa dutse tana lanƙwasa, har ku isa Amedzofe.

A cikin garin

Amedzofe yana fiye da mita 600 sama da teku, don haka iskarsa tana da sanyi, musamman da dare da kuma da asuba. Ka tafi da rigar sanyi. Mutanen garin 'yan ƙabilar Avatime ne. Suna da harshensu, kuma da yawa suna jin harshen Ewe. Yawancinsu manoma ne, an kuma san su da noman jar shinkafa a kan tudu.

A ƙarshen ƙarni na 19 masu wa'azin Kirista daga birnin Bremen na ƙasar Jamus suka zauna a garin. Akwai kuma kwalejin horar da malamai da aka buɗe a 1946. Kusa da garin akwai Dutsen Gemi, wanda aka kafa wa babban gicciye na ƙarfe a ƙwanƙolinsa. Daga can, idan gari ya yi haske, ana hango Tafkin Volta. Lokacin hunturu kuwa hazo yakan rufe nesa. A ƙasan garin akwai magangarar ruwa mai suna Ote.

Ka tuna baƙo raɓa ne: yau yana nan, gobe ya tafi. Ka gai da dattawa kafin ka yi tambaya. Kada ka miƙa abu ko ka karɓa da hannun hagu. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka nemi izininsa.

Hawan dutse

A wurin hawa ne ake gane abokin kirki. Ku nemi ɗan jagora daga cikin mutanen garin. Ku riƙi ruwan sha, ku sa takalmi mai ƙarfi. Wataƙila ka fi abokinka sauri, amma kada ka bar shi a baya. Idan ya gaji, ku huta tare, domin sannu ba ta hana zuwa. Iyayensa sun ba ka amanarsa, kamar yadda naka suka ba shi taka. Tare kuka fita daga gida, tare za ku koma.

Sababbin kalmomi

iyaka: wurin da ƙasa ɗaya ta ƙare, wata ta fara
masauki: wurin da baƙo yake kwana
fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa
ƙwanƙoli: can saman dutse ko itace
hazo: ƙura mai kama da hayaƙi da ke zuwa da hunturu
ɗan jagora: mai nuna hanya

Nahawu: umarni da hani

Idan za ka umarci mutum, kana iya cewa: ka tafi, ki tafi, ku tafi. Idan za ka hana shi, sai ka sa "kada" a gaba: kada ka tafi, kada ki tafi, kada ku tafi.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu biyu ne matafiyi zai riƙe?
2. Faɗi iyaka uku da ake ƙetarewa daga Legas zuwa Gana.
3. Me ya sa ake jin Hausa a unguwannin Zango?
4. Don me ake son abokai su yi maganar kuɗi tun a gida?
5. Bayyana ma'anar "baƙo raɓa ne".

Aiki

Nemo jumloli uku na hani daga cikin darasin, ka juya su zuwa jam'i. Sannan ka rubuta wa abokinka wasiƙa mai jumla goma, ka gaya masa abin da zai shirya kafin ku tashi.