Harajin gidan haya a Amurka: duba bashi kafin ka saya

Idan ka sayi gidan haya a Amurka, hukumar haraji ta IRS tana raba harajin gidan na shekarar tsakaninka da mai sayarwa bisa kwanaki. Naka yana farawa ranar da aka kammala ciniki, kuma shi kaɗai za ka cire daga kuɗin haya a takardar Schedule E.

Tsohon bashi ne ke cin mutane. In ka biya harajin da ake bin mai sayarwa, bai mayar maka ba, ana haɗa shi ne da kuɗin sayen gidan, kason ginin kuma sai a riƙa rage shi cikin shekara 27 da rabi. Jira ne mai tsawo. Kafin ka sa hannu, tambayi ofishin harajin gundumar da gidan yake ko akwai bashi, a zare shi daga kuɗin mai sayarwa.