Darasi Na 18: Sake Robar Sifirin Ta Baya A Gida

Jama'a, yau karatunmu a kan mota yake. Ba dukan mota ba. Wani ɗan abu ne ƙarami a ƙarƙashinta, wanda bai fi dunƙulen hannun yaro ba. Makanikai suna ce masa bushin. Mu a nan za mu riƙa cewa bushin ko roba, duk ɗaya ne.

Wani zai ce, "Ina ruwan manomi da mota?" Da ruwansa. Masarar da aka noma a Kujama, da doya da citta da ke fitowa ta hanyar Kachiya, ba a ka ake kawo su Sabon Tasha ko kasuwar Litinin ta Kakuri ba. Akori-kura ke kawo su. Ranar da ta kwanta, kaya sun kwanta. Tumatir kuwa ba ya jiran makanike.

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri, a nan kudancin Kogin Kaduna. Su ne jama'a ke kira Fijo. An daɗe da daina haɗa 504, amma har yanzu akan ga tsofaffinta suna fama da kaya a hanyoyin ƙauye. A kan akori-kura irin wannan za mu yi magana, da duk wata mota wadda sifirin ɗinta na baya fallaye ne na ƙarfe da aka jera wani bisa wani. Ƙaramar mota mai sifirin naɗaɗɗe aikinta dabam ne. Wannan sifirin yakan ƙwace da ƙarfi ya ji wa mutum rauni. A bar wa makanike.

Ku leƙa ƙarƙashin akori-kura ta baya. Za ku ga doguwar fallen ƙarfe ta sama an naɗe bakinta gaba da baya, ta yi kamar zobe. Wannan zobe shi ake kira idon sifirin. Ƙusa mai noti ta ratsa ta cikin idon ta riƙe shi da shasi, watau ƙashin bayan mota. Idon gaba a kafe yake. Na baya kuwa yana rataye da waɗansu ƙarafa biyu masu lilo, domin sifirin yakan ƙara tsawo in kaya ya danne shi. Tsakanin ido da ƙusa nan ne mazaunin roba.

Aikinta shi ne ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Ita ke shanye gargadar hanya. Ita ce kuma ke tsai da aksul, watau ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, a mazauninsa sosai. Kamar gammo take ga mai ɗaukar tulu. Ba a ganin amfanin gammo sai ran da babu shi.

A wani ajinmu kusa da Kasuwar Magani akwai wani dattijo mai irin wannan mota. Ya kawo mana kuka, wai tayar baya ta hagu ta cinye sau biyu a rani ɗaya, gefe guda kaɗai. Ya zagi mai sayar da taya, ya zagi hanya. Muka sa yaronsa ya ja motar a hankali, mu muna tsaye a baya muna kallo. Sai ga ta tana tafiya a karkace, kamar kare mai gudun tsoro. Muka leƙa. Ashe robar idon gaba ta ƙare ƙaf, ƙusa tana yawo a cikin rami, aksul ya goce. Kuɗin taya ɗaya da ya zubar ya isa ya sayi robobin motar duka har ya yi saura.

To, yaya mutum zai gane? Da kunne da ido. In ka faɗa rami ka ji ƙwal-ƙwal daga baya, alama ce. In ka taka birki ko ka ba da wuta, bayan mota ya yi wani gefe, alama ce. Duba robar kanta: ta tsattsage, ko ta bultso waje, ko akwai jan gari na tsatsa kewaye da ƙusar? Sa liba tsakanin ido da shasi ka ɗan banƙara. Roba mai lafiya takan ɗan motsa ta komo. Matacciya kuwa sai ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Abubuwan da ke kashe ta ba ɓoyayyu ba ne: tsufa, da zafi, da ƙura da ruwan damina, da baƙin mai in yana ɗiga a kanta. Amma babbansu shi ne lodi. Mun sha faɗa, za mu kuma faɗa. Motar da aka yi wa buhu goma, a ɗora mata ashirin, sa'an nan mutane shida su hau bisa, ba robar da za ta yi shekara a ƙarƙashinta.

Akwai masu sayar da kayan mota a Kakuri da Sabon Tasha, akwai kuma a Panteka, ƙetaren kogi. In za ka saya, tafi da sunan motar a rubuce a takarda, ka kuma karanta abin da ke jikin kwali da kanka. A nan karatu ke yi maka rana. Sayi na dama da na hagu gaba ɗaya, gama tare suka tsufa. In ƙusa ta ci, ta yi wuya kamar tabarya, sayi sabuwa. Waɗansu sukan yanki tsohuwar taya su cusa a ramin. Dabara ce ta wanda dare ya yi masa a daji. Za ta kai ka gida. Ba za ta kai ka kaka ba.

Tun jajibirin aiki ka goge notuna, ka ɗiga musu kananzir, su kwana suna sha. Ka tanadi jak, da sifana biyu masu lambar da ta dace da notin, da guduma, da sukundireba, da samfefa, da ruwan sabulu. Dubi lambar da ke jikin sifana ka karanta. Sifana mai yawa takan cinye kafaɗar noti, aikin rabin yini ya zama na kwana biyu.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a darasin nan. Ku ajiye alƙalami ku saurara.

Kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. Ko da na minti ɗaya ne. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Yakan zame, yakan sauka da kansa, ƙasa takan lotsa a ƙarƙashinsa. Mota kuwa in ta faɗo ba ta sallama.

Saboda haka nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ba gangara ba, ba kuma ƙasar da ta sha ruwa ba. Sauke kaya duka. Sa weji a tayoyin gaba, gaba da baya, dukansu biyu. Kada ka ce ai ka ja birkin hannu, ka kuma sa giya. A irin wannan mota tayoyin baya suke riƙewa, su ne kuwa za ka ɗaga sama. Da sun bar ƙasa, ba abin da ke tsai da motar sai wejin nan.

Sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Ɗaga motar. Sa'an nan ka tallafe shasi da ƙafar ƙarfe irin wadda ake yi domin haka, ko gungumen katako mai kauri, lafiyayye, a kwance. Ban da bulo. Bulo yana da kamar ƙarfi, amma farat ɗaya yake wargajewa, ba ya kashedi. Cire tayar ka tura ta ƙarƙashin shasi, ta zama mataimakiya in wani abu ya faru. Girgiza motar da hannu biyu. In ta motsa, sake shiri. A kori yara daga wurin. Amma a sami babban mutum ɗaya kusa. Wannan ba aikin da ake yi a kaɗaita ba ne.

Da shasi ya zauna daram, sai ka mai da jak ƙarƙashin aksul. Ɗaga kaɗan, sauke kaɗan, har ka sami wurin da ƙusa ke juyawa da sauƙi. Nan ne sifirin ya huta, ba ya ja, ba ya turawa. Lura da tiyon birki, kada aksul ya sauka har ya ja shi ya miƙe. Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan. In ka manta yadda abu yake, sai ka zagaya ka duba.

Kwance noti. In ƙusa ta ƙi fita, mai da notin har ya yi daidai da bakinta kāna ka buga, don kada ka lalata zaren da noti ke bi. Jera abin da ka cire bisa buhu, bi da bi, yadda suka fito.

Roba iri biyu ce. Akwai mai ɓari biyu, wadda ake turawa ta kowane gefe. Wannan sukundireba ma ya ishe ta. Akwai kuma mai rigar ƙarfe, wadda aka matsa cikin ido da ƙarfi. Ita ce mai gardama. Ga dabararta. Nemi doguwar ƙusa mai noti, da washa masu kauri, da guntun bututun ƙarfe wanda ya ɗan fi bushin faɗi. Kafa bututun a bakin ido ta gefe ɗaya. Ta ɗaya gefen sa washa daidai faɗin bushin. Zura ƙusar ta ratsa su duka, ka toshe bakin bututun da babban washa, ka sa noti. Yi ta ɗaurewa a hankali. Bushin zai riƙa fitowa yana shiga cikin bututun. In tsatsa ta kama shi sosai, ƙwaƙule robar, zura ruwan zarton ƙarfe ta ramin, ka yanka rigar kaɗai. Da ta tsage za ta saki.

Mun ga masu hura wuta a idon sifirin don roba ta ƙone ta fita. Ba mu yarda da wannan ba. Kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka ba tauri, in ya sake shan wuta, taurinsa ya tafi. Ga kuma tankin mai kusa.

Goge cikin idon da samfefa har ya yi sumul. Shafa wa sabuwar roba ruwan sabulu. Kada ka sa mata baƙin mai ko giris na inji. Roba daga ƙaron itace ake yinta, irin wanda ake tatsa a kudu, wajen Edo da Delta, man ƙasa kuwa yana sa ta kumbura ta ruɓe. Sabulu zai taimake ta shiga, sa'an nan ya bushe. Tura ta da hannu, ko ka jawo ta da ƙusar nan da ka fitar da tsohuwa. Ta shiga a miƙe, ba a karkace ba.

Wajen daidaita ramuka don ƙusa ta wuce, yi amfani da sukundireba. Kada ka sa yatsa. Sifirin in ya motsa, almakashi ne.

Saura abu ɗaya, wanda har waɗansu makanikai sukan yi sakaci da shi. Ka sa ƙusa, ka sa noti. Kada ka ɗaure tamau tukuna. Ɗaure da hannu kawai, ya kama. Mai da taya, sauke motar ƙasa, ɗaure notunan taya. Danna bayanta sau uku ko huɗu ta zauna bisa nauyinta. Mai da weji. Yanzu ne za ka ɗaure notunan sifirin sosai.

Me ya sa? Noti in ya ɗauru yakan kama tsakiyar robar ya riƙe. Idon sifirin kuma yana riƙe da bayanta. Mota na hawa da sauka, robar na murɗawa kaɗan tana komowa. In ka ɗaure tun tayoyi suna reto a sama, da ka sauke motar robar ta murɗe ke nan, haka kuwa za ta zauna dare da rana, ko motar tana tsaye. Ɗauki tsumma ka murɗe shi, ka ba wani ya ƙara murɗawa kullum. Kwana nawa zai yi? Sai mutum ya ga sabuwar roba ta tsage tun ba a je ko'ina ba, ya ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa ba jabu ba ce, gaggawa ce.

In an gama, ja motar a hankali ba kaya, ka gwada birki, ka saurara. Bayan mako ɗaya ka sake bin notunan da sifana.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida. In ka tarar fallen sifirin ta karye, ko ƙusar tsakiya da ta haɗa fallayen ta tsinke, ko mariƙin da ke jikin shasi ya tsage ko tsatsa ta cinye shi, rufe aiki ka nemi makanike da mai walda. Ba abin kunya ba ne. Mutane ne za su hau motar nan.

Dattijon nan da yaronsa sun yi nasu ran wata Lahadi, daga hantsi zuwa la'asar. Ƙusa ɗaya ce ta ci musu sa'a biyu, don sun manta da kananzir. Yaron ne ya karanta masa lambobin sifana.

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku sau uku uku: roba, sifirin, noti, shasi, weji, sabulu. Wanda ke da mota a gidansu ko a ƙauyensu, ya leƙa ƙarƙashinta tana tsaye bisa tayoyinta, an kashe inji, ya ƙidaya robobin da ya gani a sifirin ɗaya. Ya rubuto mana adadin. In an sami tsohuwar roba a kawo ta aji ran Alhamis, kowa ya taɓa.