Kafin a ɗora keɓaɓɓun kalmominku a intanet

Da wuya wata ya shige ban sami fayil ɗin Excel daga wata ƙungiyar kiwon lafiya, ko gidan rediyo, ko sashen wata makaranta ba, kuma saƙon da ke rakiyarsa ɗaya ne: "Malam, mun gama tattara kalmominmu, saura ɗorawa a intanet." Tun kafin in buɗe na san abin da zan tarar. Jadawali ne mai gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. Wani lokaci akwai gida na uku na Faransanci, rabinsa fayau. Ba bayanin ma'ana, ba fannin da kalmar ta fito, ba sunan wanda ya amince da ita, balle ranar da aka shigar da ita. Kwanan nan kuma sai ga wata sabuwar magana tana yawo, wai yanzu wannan wahala ta ƙare, tunda na'urar fassara za ta zazzago maka kalma dubu kafin ka shanye shayinka. Wannan maganar ce ta sa na kasa yin shiru.

Tun ƙarshen shekarar 2013 Google Translate ta shigar da Hausa, kuma ni ma ina amfani da ire-irenta a aikina. Amma na'ura daga abin da mutane suka riga suka rubuta take koyo. In marubuta sun kira abu ɗaya da suna huɗu, da suna huɗun za ta riƙa kiransa, yau wannan gobe wancan. In sun haɗa abu biyu a suna ɗaya, haka za ta haɗa su. Ba ta yanke hukunci, kuma yanke hukunci shi ne aikin mai tsara keɓaɓɓun kalmomi. Ɗauki "ƙwayar cuta". Da ita muke kiran wadda ke kawo mura da ƙyanda, da ita kuma muke kiran wadda ke kawo taifod da kwalara. A wurin likita halittu ne daban-daban, kuma maganin da ke kashe ta biyu ba ya taɓa ta farko. Takardar wayar da kai da ta kira su da suna ɗaya ta koya wa uwa ta sayi maganin da ba zai yi wa ɗanta komai ba. Babu na'urar da za ta zauna da likita da masanin harshe a raba waɗannan biyu. Sai mutane.

Tushen kuskuren jadawali mai gida biyu shi ne ya ɗauki kalmar Turanci a matsayin ginshiƙi. Rumbun kalmomi na gaskiya a kan ma'ana ake gina shi: ma'ana ɗaya, gurbi ɗaya, lamba ɗaya, sannan a rataya mata sunayenta a kowane harshe. Kalmar nan "sel" da muka aro, wadda ake cewa an jefa wane a cikinta a caji ofis, a Turanci ita ce dai sunan ƙwayar halittar jiki, ita ce sunan ɗan akwatin da kake rubutu a ciki a Excel. Ma'ana uku ke nan, saboda haka gurbi uku, kowanne da fanninsa da bayaninsa. Mai jadawali layi ɗaya zai ba ta, ya jera fassara uku da waƙafi a tsakani, ya bar mai fassara ya yi canke. Ta ɓangarenmu ma haka abin yake. Daftarin dokar da ake kai wa majalisa, da batun da ɗan majalisa ya miƙe ya gabatar, da matsayar da majalisa ta cimma bayan muhawara, duk za ka ji an ce "ƙuduri" a labarai. Ga ma'aikacin majalisa kuwa abubuwa uku ne masu hukunci daban. In ba a ba kowanne gurbinsa ba, ba za a ma lura cewa Hausa na bukatar a bambanta su ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne da zan tsaya dogon bayani. Injiniyan nan ɗan ƙasar Ostiriya, Eugen Wüster, a kan wannan tsari ya fitar da ƙamusunsa na injunan ƙira a 1968. Rumbun Tarayyar Turai mai suna IATE, wanda aka buɗe wa kowa a 2007, yana ɗauke da harsunan hukuma 24, kuma abin da ya riƙe shi ke nan: kowace ma'ana da lambarta, kowace kalma da majiyarta da alamar gwargwadon amincinta. Da a kan harshe ɗaya suka gina shi, da ya rushe tun a harshe na biyar.

Mu ma da muke ganin harshe ɗaya muke yi wa aiki, a gaskiya aƙalla uku ne a gabanmu, domin Bahaushen Kano da Turanci yake gogayya, na Maraɗi da Faransanci. A Nijeriya "jiha" tana da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar dokokinta. A Nijar ana cewa jihar Maraɗi da jihar Damagaram, amma yanki ne na mulki da gwamnatin tsakiya ke naɗa wa gwamna. Suna ɗaya, tsari biyu, don haka gurbi biyu, kowanne da alamar ƙasarsa. Akasin haka, abin da ake kira ƙanjamau a Kano shi ake kira sida a Yamai: gurbi ɗaya, suna biyu, kowanne a rubuta inda ake faɗarsa. Kada wanda ke zaune a Kano ko Zariya ya goge kalmar Nijar don bai saba jin ta ba. Kada kuma a goge kalmar da aka daina so. A bar ta a gurbinta, a sa mata alamar "an daina amfani da ita", domin mai fassarar da ya ci karo da ita a tsohuwar takarda ya neme ta, ya samu, a nuna masa wadda ta maye gurbinta. Kowane suna kuma a rubuta jinsinsa da jam'insa. Wanda ya ba ka "manhaja" bai gaya maka mace ce ba, bai ce jam'inta "manhajoji" ba, ya ba ka rabin kalma.

Gargaɗin da na fi nanatawa, kuma zan ci gaba da nanatawa, shi ne na haruffa masu lanƙwasa. A bara wani ma'aikaci ya zo mini da filas a hannu, aikin shekara uku a ciki. Muka buɗe a kwamfutata, sai ga "qasa", ga "xaki", ga "varawo" jere har ƙasan shafi. Da wani tsohon salon haruffa aka buga aikin, irin wanda in ka danna q sai ya nuna maka ƙ, x ya nuna ɗ, v ya nuna ɓ. A idon mai bugawa daidai ne, amma a cikin kwamfuta q ɗin nan q ce har abada. Ya ce ai da sauƙi, a umarci kwamfuta ta sauya su gaba ɗaya. Ashe ya riga ya gwada a wani kwafi, ta bi gidan Turanci da na Faransanci ta lalata duk kalmar da ke da v ko x ko q. Kwana biyu muka yi muna tsince su. Haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna cikin tsarin Unicode, akwai allon rubutun Hausa a waya da kwamfuta, babu sauran uzuri. Wanda kuma ya ce a zubar da lanƙwasar don sauƙi, ya gaya mini yadda rumbunsa zai bambanta ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, ko ɓata da bata.

Akwai wata ɓarna da ba ta fitowa fili sai an zo nema. Alamar da ke cikin "ma'ana" da "'yanci" kala-kala ce a kwamfuta, akwai miƙaƙƙiya, akwai masu karkata, kuma Word kan sauya ta ba tare da ka sani ba. Mutum biyar suka yi shigarwa, sai ka nemi "'yanci" a ce babu, alhali tana ciki sau uku. Ga kuma Nijar da ke rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. A zaɓi sura ɗaya ta ajiya, a rubuta dokar a shafi guda, kowa ya bi. Wurin ajiya a tsananta, wurin nema a sassauta: ɗalibin da ya rubuta "kasa" a wayarsa a nuna masa kasa da ƙasa duka ya zaɓa. Alamomin karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ke raba garin zama da garin tuwo, a ba su gidansu daban.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba mu rasa aikin magabata ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa tun 1955. A 1990 aka buga Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 aka fitar da ƙamusun kalmomin majalisa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarabanci, a 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Amma sai ka ga an kira taron bita na kwana uku a otal, an ƙirƙiro kalmomi ɗari biyar ba tare da an buɗe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, an ɗauki hoto, an watse. Bayan shekara biyu wata ƙungiya ta sami tallafi, ta sake ƙirƙiro wa abubuwan nan wasu sunayen. Fayil ɗin farko yana kwamfutar sakataren da ya bar aiki. Ana ware kuɗin taro da na buga littafi, ba a ware ko sisi don wanda zai riƙa kula da rumbun bayan an watse, alhali nan ne aikin yake. Kalmomi na shigowa kullum, wasu na mutuwa, masu amfani na turo gyara.

Saboda haka kafin ku kira mai gina shafin intanet, ku naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda rumbun ke wuyansa, da ɗan kwamiti na masanin fanni da masanin harshe da mai fassara da ke aikin kullum, waɗanda sai da amincewarsu kalma za ta tashi daga "shawara" ta koma "amintacciya". Duk gyara a rubuta wanda ya yi da ranar. Ku tabbata manhajar da za ku saya tana iya fitar da bayananku a tsarin TBX, wanda hukumar ISO ta amince da shi tun 2008, don kada kamfani ya rufe ya tafi da guminku. Ku bayyana a fili ko an yarda wasu su kwafa su yi amfani, domin gidan rediyon da ke tsoron ƙara ba zai taɓa kalmominku ba.

Excel ɗin ma ba laifi a fara da shi, muddin layi ɗaya ma'ana ɗaya ce, kuma gidajen sun cika. Ina roƙon masu turo mini fayil, ku zaɓi ma'anoni ɗari biyu da aka fi tambayarku a fanninku, ku rubuta wa kowacce bayani na jimla ɗaya da Hausa, da majiyarta, da ƙasar da ake faɗarta, sannan ku turo mu duba tare.