Darasi: Bizar Horo Mai Araha, Me Ake Saya da Ita?

Karatu: Luka 14:28-30, Farawa 31:4-7

Gabatarwa

A wata ziyara da muka kai wata ikkilisiya bayan kaka, wani dattijo ya ja ni gefe da aka tashi sujada. Ɗansa ya koyi aikin lantarki, sai wani dillali a birni ya ce zai samo masa bizar horo ta zuwa ƙasar Ostareliya, wai ta fi bizar ƙwararru araha nesa ba kusa ba. Saura kawai a jinginar da gonar fadama a biya. Baba ya ce mini, "Ɗana, da gaske tana da araha?" Na ce, "Baba, da gaske ne, amma mu san dalilin arahar tukuna." Dalilin nan shi ne darasinmu na yau.

1. Biza iri biyu

Ostareliya tana da bizar ƙwararru mai lamba 482, wadda aka sabunta a watan Disamba 2024. Kamfani ne yake ɗaukar mutum aiki sosai, har zuwa shekara 4, kuma bayan shekara 2 yana iya tsaya masa ya nemi zaman dindindin. Akwai kuma bizar horo mai lamba 407. Ita ta mai ƙaro ilimin sana'a ce a wurin aiki, ba ta wuce shekara 2, kuma gwamnati tana ba da ita ne bisa fahimtar cewa zaman na ɗan lokaci ne.

2. Daga ina arahar ta fito?

A shekarar 2025 kuɗin neman bizar horo bai kai dalar Ostareliya 500 ba, na bizar ƙwararru kuwa ya haura dala 3,000. Amma wanda ya fi cin moriyar arahar shi ne kamfani. Idan ya ɗauki ƙwararre, dole ya biya gwamnati wani haraji na dala 1,200 ko 1,800 a kowace shekara, gwargwadon girman kamfanin. Dole kuma albashin ya kai ma'aunin da doka ta sa, wanda daga Yuli 2025 aka tsayar a dala 76,515 a shekara. A bizar horo babu wannan haraji, babu kuma wannan ma'auni, ko da yake dokokin ƙwadago na ƙasar suna kāre mai koyo. Saboda haka wasu masu kamfani sukan ga bizar horo hanya ce ta samun ma'aikaci da sauƙin kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

3. Sharuɗɗan da ya kamata iyaye su sani

a) Sai an sami kamfani ko ƙungiya da gwamnati ta amince da ita, wadda za ta tsaya wa mutum, ta kuma rubuta masa tsarin horo.
b) Mai son inganta sana'arsa sai ya nuna ya yi aikin nan ko karatunsa na wata 12 a cikin wata 24 da suka wuce.
c) Sai ya iya Turanci daidai gwargwado, ya kuma sami inshorar lafiya.
d) Ba a yarda ya yi wani aiki dabam da wanda ya shafi horonsa ba. Lissafin cewa zai yi aikin dare ya biya bashin gona, lissafin banza ne.
e) Ita kanta bizar ba ta kai mutum ga zaman dindindin. In ta ƙare, sai ya dawo gida ko ya cika sharuɗɗan wata biza daga farko.

4. Yadda za mu gane mayaudari

Tun 2015 dokar Ostareliya ta hana sayar da tsayawa: laifi ne kamfani ko dillali ya karɓi kuɗi domin a tsaya wa mutum, laifi ne kuma ga wanda ya bayar. Duk wanda ya ce "kawo kaza in saya maka gurbi" yana jefa ɗanka cikin hatsari. Haka kuma ba wanda zai iya yin alkawarin biza, gama gwamnati ce kaɗai take yanke shawara. A nemi sunan kamfanin da tsarin horon a rubuce, a kai wa mai ilimi a cikin ikkilisiya ya duba. In an ga alamar fataucin mutane, a sanar da hukumar NAPTIP.

5. Abin da Maganar Allah take koya mana

Yesu ya koyar cewa mai shirin gini yakan fara zama ya yi lissafi, kada ya sa tushe ya kāsa gamawa. A lissafinmu mu haɗa da kuɗin jirgi, haya, abinci, inshora, da abin da iyali za su ci in gona ta tafi. Mu tuna da Yakubu, wanda ya yi hidima a baƙuwar ƙasa a hannun mutum ɗaya, Laban kuwa ya yi ta canja masa lada. Wanda zamansa ya rataya a wuyan maigida ɗaya, da wuya ya buɗe baki in an cuce shi.

Neman ƙarin ilimi a waje ba zunubi ba ne. Ga wanda yake da sana'a a hannu, da kamfani na gaskiya, da kuɗin da ba na jingina ba, bizar horo tana da amfani, zai kuma dawo da abin da zai taimaki jama'arsa. Dattijon nan dai mun shawarce shi kada ya taɓa gonarsa sai ya ga takardu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya fi amfana da arahar bizar horo, kuma ta yaya?
2. In yaro ya dawo bayan shekara 2, da me za a fanshi gonar da aka jinginar?
3. Su wane ne a ikkilisiyarmu za su iya duba wa iyali takardu kafin su biya kuɗi?

Addu'a

Mu roƙi Allah ya ba matasanmu hikima da haƙuri, ya tsare iyalanmu daga mayaudara, ya kuma albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.