Yaron da Ya Juya Baya: Nazarin Hanzala a Zane-zanen Siyasa na Naji al-Ali

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin Hanzala, yaron da Naji al-Ali, Bafalasɗine mai zanen barkwanci, ya riƙa sanyawa a zane-zanensa daga 1969 zuwa 1987. An dubi surar yaron da tsayuwarsa, sannan aka auna su da ma'aunin zambo da habaici na adabin Hausa. Nazarin ya gano cewa aikin Hanzala shi ne shaida, kuma juya bayansa dabara ce ta shigar da mai karatu cikin sahun masu shaidar.

Fitilun Kalmomi: zanen barkwanci, Hanzala, zambo, habaici, Falasɗinu

1.0 Gabatarwa

Galibi akan ɗauki zanen barkwanci na jarida a matsayin abin raha da ake leƙawa bayan an gama karanta labarai. Sai dai a ƙasashen da aka taƙaita 'yancin faɗin albarkacin baki, zanen yakan faɗi abin da sharhin edita ke shakkar faɗa, ya kuma isa ga wanda bai yi nisa a karatu ba. Wannan ne ya sa masu mulki ke sa masa ido. Rayuwar Naji al-Ali da ayyukansa misali ne bayyananne na wannan al'amari.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

An haifi Naji al-Ali a ƙarshen shekarun 1930 a ƙauyen al-Shajara da ke yankin Galili a arewacin Falasɗinu. A shekarar 1948, lokacin da aka kafa ƙasar Isra'ila aka raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da muhallansu, iyalinsa suka yi hijira zuwa sansanin Ain al-Hilweh a kudancin Labanon. A nan ya tashi, a nan kuma marubuci Ghassan Kanafani ya ga zane-zanensa, ya buga su a mujallar al-Hurriya a 1961.

A 1963 ya koma Kuwait da aiki, inda Hanzala ya fara bayyana a jaridar al-Siyasa a 1969. Daga baya ya yi aiki da al-Safir a Bairut, inda mamayar da Isra'ila ta kai wa Labanon a 1982 ta riske shi. Ya sake komawa Kuwait ya kama aiki da al-Qabas, kafin a tilasta masa barin ƙasar a 1985, ya nufi Landan. A ranar 22 ga Yuli, 1987 aka harbe shi kusa da ofishin jaridar a Landan, ya rasu a ranar 29 ga Agusta. Ba a hukunta kowa da laifin kisan ba, ko da yake 'yan sandan Landan sun sake buɗe binciken a 2017.

3.0 Surar Hanzala

Sunan yaron ya samo asali ne daga hanzal, wani tsiron jeji mai 'ya'ya masu tsananin ɗaci, wanda ke jure wa fari. Wasu kan rubuta sunan da Handala. Abubuwa uku ne suka fi fice a surarsa.

Na farko, shekarunsa. Hanzala ɗan shekara goma ne, wato kimanin shekarun mai zanen lokacin da ya bar ƙauyensu. Al-Ali ya bayyana cewa yaron ba zai ƙara ko da shekara ɗaya ba sai ranar da ya koma ƙasarsa. Da haka shekarun yaron suka zama ma'aunin tarihi: duk wanda ya gan shi yana ƙarami ya san ba a warware matsalar 1948 ba.

Na biyu, tufafinsa. Ba shi da takalmi, rigarsa duk faci, gashin kansa 'yan silalla ne a tsaye kamar ƙaya. Wannan kamannin yaran sansanin gudun hijira ne, ba tare da an ƙawata talaucinsu don neman tausayi ba.

Na uku, tsayuwarsa. Daga 1973 Hanzala ya juya wa mai karatu baya, ya harɗe hannayensa ta baya. Mai zanen ya danganta wannan da ƙin amincewa da sulhun da ake tsarawa daga waje bayan yaƙin wannan shekara, ba tare da an ji ta bakin masu ƙasa ba.

4.0 Zambo, Habaici da Shaida

A adabin Hausa, zambo shi ne a siffanta mutum da munanan kamanni don a muzanta shi, habaici kuwa jifa ne a kasuwa, ba a ambaci suna, amma mai abu ya san abinsa. Duka biyun suna cikin zane-zanen al-Ali. Mutanen nan masu ƙaton tumbi, marasa fasali, da yake zanawa a madadin shugabannin Larabawa da 'yan kanzaginsu, zambo ne a siffa, habaici ne ta fuskar sakaya suna. A gefensu akwai talaka siriri da matarsa Fatima, wadda ke wakiltar ƙasa da juriya. Alƙalaminsa bai tsaya kan Isra'ila da Amurka kaɗai ba, ya soki gwamnatocin Larabawa har ma da shugabannin Falasɗinawa, abin da ya jawo masa maƙiya ta kowace fuska.

Shi kuwa Hanzala, ko da yake wani lokaci yakan ɗauki dutse ko ya yi rubutu a bango, mafi yawan lokaci yana tsaye ne a gefe yana kallo. Nan ne hikimar take. Da fuskarsa na kallon mai karatu, da ya zama abin tausayi, a dube shi a yi juyayi a wuce. Da yake ya juya baya, idonsa da idon mai karatu sun fuskanci abu guda, sai mai karatu ya tsinci kansa tsaye a bayan yaron, yana ganin abin da yake gani. Wanda ya gani kuwa ba ya da sauran uzurin cewa bai sani ba. Haka nan ɓoye fuskar ya bar gurbi, ta yadda kowane ɗan gudun hijira zai iya sanya tasa.

5.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa ƙarfin Hanzala ya ta'allaƙa ne ga sauƙin surarsa da kuma matsayin da ya ajiye mai karatu. Layuka kaɗan suka samar da shi, don haka kowa na iya kwaikwayonsa. Shi ya sa bayan kisan mai zanen ya ci gaba da bayyana a bangon sansanoni, da katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan, da allunan masu zanga-zanga a ƙasashe da dama. Akwai buƙatar manazarta Hausa su dubi zanen barkwanci na jaridun gida da irin wannan ma'auni, musamman ta fuskar inda mai zane ke tsayar da mai karatu, domin a nan ake gane ko raha kawai zanen ke nema ko kuwa ɗora alhaki.