Baka Ya Ƙi Zama Daidai a AutoCAD

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum. An ba mu aikin haɗa da'ira biyu da baka, amma nawa ko ya bar giɓi ko ya shige ciki. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanena, kada ka karaya. Da ido kake aunawa, kwamfuta kuwa lissafi take so. Rubuta CIRCLE, ka zaɓi Ttr, ka danna kowace da'ira kusa da inda kake son bakan ya taɓa, sannan ka ba da rediyos. Wurin dannawar nan shi ne komai. In ka kauce, sabuwar da'irar za ta faɗa wani ɓangaren. Sai ka yanke rarar da TRIM.

Amma na fi so ka fara da hanyar kamfas. Da'irori masu rediyos 20 da 30, baka mai 50 da zai taɓa su daga waje: ƙara 50 a kan rediyos ɗin kowacce, daga cibiyar ta farko zana da'ira mai 70, daga ta biyu mai 80, inda suka haɗu nan ce cibiyar bakanka. In bakan zai rungume su ne, ragewa ake yi.

Kusurwar layi biyu kuwa, FILLET ya ishe ka. Kafin ka miƙa aikin, ƙara girman mahaɗar ka duba.